Daga Tulun Rum Zuwa Kwalbar Kanti: Tarihin Amana a Man Zaitun

A birnin Rum na ƙasar Italiya, kusa da kogin Tiber, akwai wani tudu mai tsayin kusan mita 35 da ake kira Monte Testaccio. Wanda ya hango shi zai ɗauka tudu ne kamar kowane, alhali juji ne. Tsingaron tulunan man zaitun ne aka yi ta jibgewa har zuwa ƙarni na 3 Miladiyya, kuma masana sun ƙiyasta tulunan da aka fasa a wurin sun kai miliyan 53. Mafi yawansu daga kudancin Sifaniya aka kawo su a jiragen ruwa, kowane ɗauke da mai kusan lita 70. Ba a sake amfani da tulun da aka juye, domin mai ya riga ya shiga jikin yumɓun, in ya daɗe sai wari. Shi ya sa ake fasa shi, a barbaɗa farar ƙasa a kai.

Tun daga shekarun 1870 wani Bajamushe mai suna Heinrich Dressel ya duƙufa karanta rubutun da ke jikin tsingaron. Ya tarar an rubuta nauyin tulu kafin a zuba mai, da nauyin man, da sunan ɗan kasuwa, da shaidar jami'in da ya duba kayan. Ke nan kusan shekara 2,000 da suka wuce, hukuma ba ta sakin jiki da fataken mai. Dalili kuwa a fili yake: man zaitun na da tsada, ga shi ruwa-ruwa, algus a cikinsa ba ya wuya, kuma ido ba ya ganewa.

A wancan zamani mai ne abinci, shi ne fitila, shi ne na shafawa a gidan wanka. Sarki Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, har rabon mai kyauta ya sa aka riƙa yi wa mutanen Rum. Bayan daular ta faɗi, Musulmin Andalus suka ci gaba da noman zaitun a wannan yanki na Sifaniya. Sawunsu na nan a harshen ƙasar: mai sunansa aceite, ɗan itacen aceituna, wurin matsa kuma almazara, duka daga Larabci. Daga tushen nan Hausa ta samo kalmar zaitun.

Kalmomin "extra virgin" da ke jikin kwalba kuwa ba su da wannan tsufa. Dokar Italiya ta 1960 ce ta ba su matsayi a kasuwanci, shekara guda bayan kafa majalisar zaitun ta duniya a Madrid. Ma'anarsu ita ce man da aka matse daga ɗanyen zaitun da inji kawai, ba a wanke shi da sinadari ba. A yau sharaɗin shi ne tsaminsa a awon ɗakin gwaji kada ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Wanda ya wuce kashi 2 ana kiransa lampante, wato man fitila, ba a sayar da shi don ci sai an tace. Idan kwalba ta ce "olive oil" ko "pure" kawai, galibi tataccen ne aka gauraya da ɗan mai kyau. Idan ta ce "pomace", daga tunkuza aka ciro shi da sinadari.

A 1981 Sifaniya ta ga abin da algus ke haifarwa. Wasu 'yan kasuwa sun shigo da man kolza na masana'antu, wanda aka sa wa sinadarin anilin don kada a ci, suka tace shi, masu talla suka bi unguwannin talakawa da ƙananan kasuwanni suna sayarwa da araha a jarkoki marasa tambari, mutane na ɗauka man zaitun ne. Kusan mutum 20,000 suka kamu da ciwo, fiye da 300 suka rasu a farkon annobar, dubbai suka nakasa. Waɗanda abin ya ci su ne masu neman sauƙin farashi.

Shekara 10 bayan haka, a 1991, Tarayyar Turai ta fitar da doka mai lamba 2568 wadda ta sa ɗanɗano cikin sharuɗɗa. Ƙwararru 8 zuwa 12 ke zama, kowa da ƙaramin kofin gilashi shuɗi don kada launin mai ya ruɗe shi, a ɗumama man zuwa digiri 28, a shinshina, a kurɓa. Abu uku suke nema: ƙamshin ɗanyen zaitun, da ɗaci, da maƙaƙi a maƙogwaro. Idan suka ji warin tsufa, ko na rima, ko tsami irin na ruɓa, man ya faɗi daga wannan daraja ko da awon inji ya wanke shi. Maƙaƙin da wasu ke ɗauka alamar lalacewa ce, shi ne shaidar lafiya. A 2005 masana a Amurka suka bayyana cewa sinadarin da ke kawo shi, oleokantal, yana aiki a gwaji irin na maganin ibuprofen.

Doka ba ta kashe matsalar ba. A 2010 binciken Jami'ar Kaliforniya a Davis ya nuna kashi 69 cikin ɗari na samfuran man waje da aka sayo a kantunan jihar sun kasa cin jarrabawar ɗanɗano. Kamfanoni sun musanta, amma darasin ya zauna: mai na iya barin injin matsa da kyaunsa, ya iso kanta ya tsufa. Sannan fari ya auka wa Sifaniya a 2022 da 2023, amfanin ya ragu da kusan rabi, farashi ya ninka, har wasu kantuna suka riƙa sa wa kwalabe makulli saboda ɓarayi.

A ƙasar Hausa man zaitun ya fi zama a ɗaki fiye da madafi. Tsarabar alhazai ne, kayan shagunan magungunan Musulunci ne, ana sha da cokali, ana shafa wa jarirai, ana haɗawa da habbatus sauda, saboda darajar da ambatonsa a Alƙur'ani ya ba shi. Yanzu da likitoci ke yi wa masu hawan jini da ciwon suga maganar abinci, ya fara shiga tukunya. Wanda ya ware kuɗin da zai ishe shi man gyaɗa mai yawa ya sayi 'yar kwalba, ya cancanci ya san me ya saya.

Araha ba laifi ba ce. Yawancin man kanti gauraye ne daga Sifaniya, Tunisiya, Girka ko Fotugal, kuma irinsa kan cika sharaɗi. Arahar da ta wuce hankali ita ce abin tsoro. A duba kwanan wata, a zaɓi kwalba mai duhu ko gwangwani, a guji wadda ta sha rana a bakin shago, domin haske da zafi da iska su ne masu kashe mai, kuma bazararmu ba ta wasa. Sa shi a firji don a ga ko zai daskare ba ya tabbatar da komai. A zuba cokali ɗaya a kofin shayi, a rufe da tafin hannu ya ɗumama, a shinshina. In an ji ƙamshin ɗanyar ciyawa ko ɗanyen tumatir, aka kurɓa ya kama maƙogwaro, to an dace. In ya yi warin tsohuwar gyaɗa, ya tashi aiki.

Yana jure suyar ƙwai, kifi ko albasa a matsakaiciyar wuta. Amma inda kuɗinsa ke fitowa shi ne a ɗanye: a kan ɗanwake, garau-garau ko kwaɗon zogale, inda ɗacinsa ke tafiya da yaji. Kuma kada a yi masa rowa a ɓoye shi shekara biyu a ƙasan akwati. Da zarar an buɗe kwalba, a cinye ta cikin 'yan watanni.