Tarihin Masu Auna Saurin Juyewar Abubuwa

'Yan uwa manoma da makiyaya na Damargu, kowa ya san nono ya fi saurin yin tsami da bazara bisa ga lokacin ɗari. Mata kuma sun san in aka jefa kanwa a tukunya, wake ba ya wuyar nuna. Kakanninmu sun daɗe da sanin haka. To, wa ya fara auna wannan sauri da agogo?

A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Wilhelmy ya narka sukari a ruwa, ya zuba masa wani ruwa mai tsami ƙwarai. Tsamin yana raba sukari ya koma iri biyu. Ya riƙa aunawa yana rubutawa. Sai ya gane saurin aikin yana bin yawan sukarin da ya rage. Misali, in rabi ya juye cikin awa ɗaya, a awa ta biyu rabin sauran ne zai juye, ba duka ba.

A shekarar 1884 wani mutumin Holan, van 't Hoff, ya kasa irin wannan aiki aji-aji. A aji na ɗaya, in an riɓa kayan biyu, sauri ya riɓu biyu. A aji na biyu kuwa, sai ya riɓu huɗu. Ba a sanin ajin da ka, sai an gwada. Ya kuma lura in zafi ya ƙaru da digiri 10, sauri yakan riɓu biyu ko uku.

Ina ruwanmu da wannan? Da wannan lissafi masu yin magani suke sanin ranar da zai ƙare aiki, su rubuta a jikin kwali. Amma lissafin na maganin da aka ajiye a inuwa ne. Ƙwayar da ta wuni a rana bisa faifai, a kasuwar Tanut ko Belbeji, tana iya rasa ƙarfinta tun ranar ba ta zo ba. Ka ba yaro, kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Shi ya sa tun 1996 ake liƙa wata alama a kwalbar rigakafin shan inna. Zafi yana sa tsakiyarta ta yi duhu. In duhun ya kai na kewayenta, ma'aikacin lafiya ya yar da kwalbar.

Saboda haka, mu sayi magani a gidan likita, mu karanta ranar da ke jikinsa, mu ajiye shi nesa da rana da murhu. Ga amfanin karatu ke nan.