Ɗora wa tsohon injin Ford "flathead" turbo: Yadda ake yi da inda haɗarin yake

A shekarar 1932 ne kamfanin Ford na Amurka ya fito da injinsa mai silinda takwas, V8, wanda aka fi sani da flathead, wato mai shafaffen kai. An ci gaba da sa shi a motocin kamfanin a Amurka har zuwa 1953. A yau wasu masu sha'awar tsofaffin motoci kan ɗora masa turbo domin ƙara masa ƙarfi. Aikin yana yiwuwa, sai dai injin yana da iyaka, kuma wanda ya ƙetare ta yakan rasa bulok ɗin da samun madadinsa ke ƙara wuya.

Ƙirar injin

A injinan motocin zamani bawul-bawul suna saman silinda. A flathead kuwa suna cikin bulok ne, a gefen silinda, shi ya sa kan injin ya zama tamkar murfi mai ɗauke da filogi da hanyoyin ruwa kawai. Wannan ƙira ta rage tsada, amma ta tauye numfashin injin, domin dole iska da fetur su hau sama, su karkata gefe, sannan su gangara kan fistin.

Matsin da fistin ke yi wa iskar ma kaɗan ne: ninki 5.5 a injin 1932, ninki 7.2 a na 1953. Na farkon, mai lita 3.6, ƙarfin doki 65 yake bayarwa, na ƙarshen kuma, mai lita 3.9, yana ba da 110. Idan aka kankare kan injin don ƙara matsi, hanyar iskar ce ke ƙara tsukewa, sai riba ta koma asara.

Abin da turbo ke yi

Injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ne ya yi wa fasahar turbo rajista a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin kasuwa ba sai a 1962, da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Ke nan ba a ƙera flathead da turbo a zuciya ba.

Na'urar farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin silinda. Nauyin iska a gaɓar teku psi 14.7 ne, don haka ƙarin psi 7 yana nufin kusan rabin iskar da injin ya saba zuƙa ta ƙaru, idan ba a lissafa zafi ba. Injin da numfashinsa ya gaza, matsinsa kuma ke ƙasa, shi ya fi cin moriyar irin wannan turi.

Inda haɗarin yake

Na farko shi ne zafi. Hanyoyin hayaƙin flathead suna ratsa cikin bulok ne, kusa da ruwan sanyaya, kuma silinda biyu na tsakiya a kowane ɓangare mafita ɗaya suke tarayya a kai. Tun asali an san injin da yawan zafi da tsagewa tsakanin mazaunin bawul da silinda. Turbo tana tare hayaƙi kafin ya fice, sai zafin ya ƙaru.

Na biyu shi ne karanshaf, wanda a wuri uku kacal yake zaune, alhali yawancin injinan V8 da suka biyo baya biyar gare su. Idan matsi ya yi yawa, ko fetur ya kama wuta ba bisa tsari ba, nan ne da fistin ke fara jin jiki.

Na uku shi ne baƙin mai. Sandar turbo kan yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, tana buƙatar mai tsaftatacce, amma matatar asali ta wannan inji, inda ma aka sa ta, wani kaso na man kawai take tacewa.

Matakan da kanikawa ke bi

Sukan fara da wanke bulok da bincikar tsaga kafin a kashe ko sisi a kan turbo. Daga nan sai a zaɓi ƙaramar turbo, a tsayar da turinta a wajen psi 5 zuwa 7 ta hanyar bawul mai karkatar da rarar hayaƙi. Akan sa fistin masu ƙwari, a jinkirta tartsatsin filogi yayin da matsi ya hau, a gyara kafireto ya riƙa ba da isasshen fetur, a kuma girka babban lagireto da matatar da duk man zai bi ta cikinta.

Akwai kuma batun daraja. Masu tara motocin tarihi sun fi biyan kuɗi a kan wadda aka bari yadda ta fito daga masana'anta. Saboda haka masu lura kan ajiye kayan asali da suka kwance, su kuma guji huda ko yankan da ba za a iya mayarwa ba.