Wata Takwas a Rataye: Injin Huda Ƙanƙara da Al'adar Adana Shi

A jihohin Minesota da Wiskonsin na Amurka, da maƙwabtansu na Kanada irin su Ontariyo da Manitoba, tafkuna kan daskare daga wajen Disamba har zuwa Maris, ruwa ya zama dandali mai ɗaukar mutum da mota. Minesota kaɗai tana da tafkuna 11,842 waɗanda girmansu ya kai eka goma ko fiye, kuma hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar kan gargaɗi jama'a kada kowa ya taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4. Kifi na nan a ƙasa yana yawonsa, mai son kama shi kuwa dole ya fara buɗe masa ƙofa. Wannan buƙata ce ta haifi injin huda ƙanƙara mai aiki da fetur, wanda ya yi mulkin tafkunan nan fiye da shekara hamsin, yanzu kuma na batir ya ture shi gefe. Masu bayanin wannan sauyi sun fi kallon abin da ke faruwa a kan tafki, wato nauyi da ƙara da hayaƙi. A ganina amsar ta fi yawa a gareji, a cikin wata takwas ɗin da injin yake yi a rataye ba ya komai. Wahalar adana shi ce ta cinye martabarsa sannu a hankali, kuma tarihin sana'ar ya nuna haka.

Kafin zuwan inji, rami ɗaya abu ne mai tsada. Mutanen Ojibwe, waɗanda suka riga Turawa zama a gaɓar manyan tafkunan yankin, sukan sassaƙe ƙanƙara su buɗe rami, su lulluɓe kansu domin su tare haske, su saki ɗan kifin katako a ruwa suna kaɗa shi da zare, babban kifi na matsowa su soke shi da mashi. Baƙin da suka zo daga baya sun yi amfani da dagi, dogon ƙarfe mai kaifi a baki, ana sara ana kwashe ɓarɓashi. Idan kaurin ƙanƙara ya kai ƙafa biyu, mutum kan jiƙe da gumi a tsakiyar hunturu kafin ya ga ruwa, saboda haka wanda ya haƙa rami ɗaya ko biyu yakan zauna a kansu har yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Sauƙin farko daga Suwidin ya zo, inda aka ƙera mahuji na hannu mai baki kamar cokali, daga baya kuma mai murɗaɗɗen jiki da wuƙaƙe biyu a ƙasa. Garin Mora na Suwidin, wanda ya yi suna wajen ƙera wuƙa, shi ne sunansa ya bi wannan kayan aiki har Amurka. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan kayan ba sa neman komai idan ƙanƙara ta narke. A wasa baki, a shafa mai, a jingine a lungu. Shekara na zagayowa a ɗauko su yadda aka bar su.

A farkon shekarun 1950 ne kamfanin Feldmann Engineering da ke Sheboygan Falls a Wiskonsin ya fito da Jiffy, mahujin da aka ɗora wa ƙaramin injin fetur a ka. Daga baya StrikeMaster na Minesota da Eskimo na Wiskonsin suka shigo kasuwar, kuma shekaru da dama yawancinsu injin kamfanin Tecumseh suke ɗorawa, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Tsofaffin kan sha kashi ɗaya na baƙin mai cikin 24 na fetur, na baya-baya kuma ɗaya cikin 40 ko 50. Ramin da ke cin rabin sa'a ya koma aikin daƙiƙoƙi. Wannan ya sauya tunanin masunta gaba ɗaya. A shekarun 1980 wani masunci ɗan Minesota, Dave Genz, ya yaɗa salon yawo: ƙaramar bukka mai naɗewa da ake ja a kan ƙanƙara, da na'urar da ke nuna kifi a ƙarƙashin ruwa, da huda rami bayan rami har a tarar da inda kifin yake. Kamun kifi ya tashi daga zaman jira ya koma farauta, kuma injin fetur ne ƙashin bayan wannan salo. Gasar da ake yi a tafkin Gull kusa da Brainerd tun 1991, inda ake huda ramuka sama da 20,000 domin yini guda, ba za ta taɓa yiwuwa da dagi ba. Duk wanda zai yi maganar faɗuwar wannan inji ya kamata ya fara ba shi haƙƙinsa.

Sai dai lokacin aikinsa gajere ne. Dokar Minesota ta wajabta a kwashe bukkokin kamun kifi daga kan tafkuna a farkon Maris a kudancin jihar, a tsakiyar watan kuma a arewa, kuma ba a daɗe bayan haka ƙanƙarar kanta take ruɓewa. Daga Afrilu zuwa Nuwamba injin ba shi da aiki. Manomin rani da ya taɓa ajiye injin ban-ruwansa damina guda da mai a ciki ya san abin da ke biyo baya. Fetur ba ya zama yadda yake. Sassansa masu saurin tashi sukan tsere da zafin bazara, abin da ya rage ya haɗu da iska ya yi kauri, ya koma wani danƙo ruwan ƙasa mai warin tsohon fenti. Kafiretar injin huda ƙanƙara kuwa ƙarama ce ƙwarai, kuma da yake ana karkata injin ta kowace fuska, galibi ba ta da kwanon mai a ƙasa. Wata siririyar fatar roba ce a ciki take bugawa tana turo mai ta ƙofofin da ba su fi bakin allura ba. Danƙon nan ya toshe ƙofa ɗaya, ko robar ta bushe ta sandare, shi ke nan. Mai inji zai tsaya a tsakiyar tafki a watan Disamba, sanyi na yanka masa yatsu ta cikin safar hannu, ya ja igiya sau ashirin, inji ya yi tari ya mutu, ga kifi a ƙarƙashin ƙafarsa ba hanyar kai wa gare shi.

Daga wannan azaba ce al'adar adanawa ta samo asali, kuma masu ita sun rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa a zazzage tanki, a tayar da inji a bar shi ya shanye ragowar da ke kafireta har ya mutu da kansa, domin inda babu mai babu danƙo. Ɗaya ɓangaren na cewa bushewar ce ke kashe robar da tiyo, don haka gara a zuba sabon mai da maganin hana shi lalacewa, irin su STA-BIL ko Sea Foam, a tayar da injin na 'yan mintoci domin maganin ya ratsa ko'ina, sannan a riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata duk tsawon bazara. Akwai abubuwan da kowa ya yarda da su: a kwance fulogi a ɗiga baƙin mai a silinda a ja igiya a hankali don ya shafe bango, a goge wuƙaƙe a shafa musu mai kada tsatsa ta ci bakinsu, a mayar musu da murfi, a rataye injin a tsaye inda babu laima. Da injuna masu baƙin mai a ma'ajinsa daban suka shigo, sai aka ƙara wata ƙa'ida, cewa idan an kwantar da su ta gefen da bai dace ba mai zai malala ya cika silinda. Ni dai na fi karkata ga ɓangare na biyu a kan irin wannan kafireta, domin zazzagewa ba ta taɓa fitar da mai duka, kuma ɗan abin da ya maƙale shi ne mafi saurin daskarewa. Amma daɗewar wannan gardama ba tare da an rufe ta ba ita kanta shaida ce. Da akwai hanyar da ba ta taɓa ba da kunya, da tuni kowa ya bi ta.

Abin da ya tsananta lamarin daga gonar masara ya fito. A 1997 Minesota ta wajabta gauraya kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa a jihar da itanol, sinadarin barasa da ake tatsa daga masara, kuma dokokin tarayya na 2005 da 2007 suka sa fetur mai kashi 10 cikin ɗari na itanol ya zama ruwan dare a Amurka. Motar da ke shanye tankinta cikin mako guda ba ta jin komai. Injin da ke kwana wata takwas kuwa yana ji a jikinsa, saboda itanol na jan laima daga iska. Idan ruwan da ya ja ya wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, sai itanol da ruwan su rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, daidai inda tiyo ke zuƙo mai. A injin da baƙin mansa ke cikin fetur, wannan na nufin abin da zai fara shiga silinda ruwa ne da barasa, babu abin da zai sa fistin ya yi santsi. Ga shi kuma robobin tsofaffin injuna ba a yi su don jure itanol ba. Gaskiya ne dokar jihar ta bar ƙofa, ana sayar da fetur marar gauraye a wasu gidajen mai domin ƙananan injuna da jiragen ruwa, amma sai an neme shi, kuma ya fi tsada. Jihar da ke cike da masu huda ƙanƙara ita ce ta riga kowa sauya man da suke dogaro da shi. A ƙarshen 2008 kuma Tecumseh ya daina ƙera injuna, masu tsofaffin Jiffy da StrikeMaster suka shiga neman kayan gyara.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce batir ya yi nasara ne don dalilan da ido ke gani. Injin fetur kan kai kilo 13 zuwa 15, yana da ƙara, kuma hayaƙinsa haɗari ne a cikin rufaffiyar bukka. Na batir irin ION, da ya bayyana a farkon shekarun 2010, ya fi sauƙin ɗauka, danna maɓalli kawai yake so. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na musun cewa ya taimaka. Amma a duba abin da masunta suka riƙa saye kafin batir ya yi ƙarfin da za a amince da shi. Sun sayi injin Jiffy mai aiki da iskar gas ta gwangwani, wanda ya fi na fetur nauyi, kuma babban abin da aka tallata shi da shi, bayan ƙarancin hayaƙi, shi ne babu haɗa mai, babu danƙo a kafireta. Sun kuma sayi fetur na gwangwani marar itanol, wanda aka riga aka haɗa da baƙin mai, a kan ninkin kuɗin na gidan mai sau da yawa, don kawai yana daɗewa bai lalace ba. Mutumin da ya yarda ya ƙara wa kansa kaya, ko ya biya kuɗi ninki-ninki, ya nuna abin da ya fi damunsa. Yana so ne ranar farko ta hunturu inji ya tashi.

Wani kuma zai ce laifin na masu shi ne, domin akwai injunan Jiffy da suka shekara talatin suna aiki a hannun masu kula. Wannan ma haka yake, kuma irin waɗannan mutane sun cancanci yabo, don sun riƙe wani ilimi na hannu da ke neman ɓacewa. Amma ba a auna kayan aiki da mafi ƙwazon masu shi. Lokacin da ya kamata a yi hidimar adanawa shi ne ƙarshen Maris, lokacin da mutum ya gaji da sanyi, hankalinsa ya koma kan kwalekwale da buɗe kakar su ta watan Mayu. Sakamakon sakaci kuwa ba ya bayyana sai bayan wata takwas, lokacin da shagunan gyara suka cika maƙil da injunan da ke da ciwo iri ɗaya. Kayan da ke hukunta mantuwar rana guda da asarar makon farko na kaka, alhali makon nan na sabuwar ƙanƙara yana cikin lokutan da kifi ya fi kamuwa, dole wata rana jama'a su nemi madadinsa. Idan aka ce ai batir ma yana da nasa sharuɗɗa, sai a ce ƙwarai: ana so a cire shi daga inji, a bar shi da caji matsakaici, a ajiye shi cikin gida inda ba zafi ba sanyi, kuma bayan wasu shekaru ƙarfinsa zai ragu a sayi sabo da tsada. Bambancin shi ne wannan hidima ta minti biyu ce, ba ta buƙatar sanin kanikanci, kuma ana iya duba lafiyar batir da kallon 'yan fitilu kafin a bar gida.

Inda injin fetur ya fi daɗewa yana riƙe da matsayinsa ya ƙara tabbatar da wannan fahimta. A tafkin Lake of the Woods, kan iyakar Minesota da Kanada, ƙanƙara kan haura ƙafa uku a ƙarshen hunturu har sai an ƙara wa mahuji tsawo, tsananin sanyi kuma na rage wa batir ƙarfi. Masu gidajen saukar baƙi a can, waɗanda ke huda wa bukkokin haya ramuka kowace safiya, su ne suka fi jinkirin rabuwa da fetur. Injinsu na aiki kullum a kakar da ta fi ta kudu tsawo, mai ba ya kwana a tanki, kuma idan bazara ta zo akwai ma'aikacin da aikinsa ne ya kwance kafireta ya wanke, ya sauya robobi, ya rataye kowane inji a wurinsa. Masuncin ƙarshen mako, wanda ke fita sau kaɗan a shekara kuma shi ne mafi yawa a kasuwa, ba shi da wannan gata, kuma shi ne ya fara komawa batir.