Dutsen Niƙa da Halin Duwatsun Ƙasar Hausa

A wannan babi ina so in jawo hankalin malamai da dattawa ga wata sana'a da ke neman ɓacewa, wato fasa dutse da koɗa shi. Manyan duwatsun Kufena a Zariya, da na Kwatarkwashi, da na Birnin Kudu, duk irin dutsen nan ne da masana ke kira giranayit. Yawancinsu sun samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da narkakken dutse ya huce sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa. Wannan jinkiri shi ya sa ƙwayoyinsa suka girma har ido yake iya rarrabe su.

Ƙwayoyin nan iri uku ne. Akwai ƙanƙara, wadda taurinta ya kai 7 a ma'aunin Mohs, alhali ƙarfen wuƙa bai wuce 5 da rabi ba. Akwai felsfa, mai fari ko ja-ja, wadda taurinta 6 ne. Sai kuma maika, baƙa mai ƙyalli, wadda ke ɓarewa kamar ɓawon albasa. Tun da ƙarfen maƙera ba ya yanka ƙanƙara, kakanninmu sai suka bi dutsen ta inda yake da rauni. Sukan nemi falale mai tsaga, su hura wuta a kansa. Zafi kan kumbura saman dutsen fiye da cikinsa, sai ya ɓanɓaro fale-fale, a cusa ƙarfe a ɗaga.

Daga nan sai zaɓe. Dutse mai manyan ƙwayoyi ko mai yawan maika yakan marmashe, ya zuba tsakuwa a gari. Mai ƙananan ƙwayoyi da suka kama juna shi ake nema don niƙa. Idan ya yi santsi saboda aiki, sai a koɗa shi da makoɗi, kaifin ƙanƙarar ya sake fitowa ya kama hatsi.

A yau masana'antu na yanka irin wannan dutse da zarto mai haƙoran daimon, ana kwarara masa ruwa, a goge shi har ya yi sheƙi don daɓe da matakala. Su santsi suke nema, uwayenmu kuwa kaushi suke nema, amma halin dutsen bai sauya ba. Yawan ƙanƙara yana cinye haƙoran zarto, maika tana barin ƙananan ramuka a fuskar da aka goge, dutse mai ƙananan ƙwayoyi kuma ya fi ɗaukar sheƙi.

Tun da injin niƙa ya shiga ƙauyuka, masu wannan sani suna ta raguwa. Roƙona ga malamai shi ne su kai ɗalibai wurin dattawan da suka saura, a rubuta sunayen da suke kiran kowane irin dutse da yadda suke gane na kirki, tun suna raye.