Taƙaitaccen Tarihin Mazaunan Gimi da Gidan Malam Bulus Audu

A wannan biki na cika shekara 50 mun ga ya kyautu mu waiwaya can baya, mu tuna da waɗanda suka riga mu saran daji. Sau da yawa a nan Dutse akan tambaye mu, wai Bahaushe ma yana bin Almasihu? Amsar tana cikin tarihin wani ƙauye a ƙasar Zazzau.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Bai taɓa haɗuwa da Baturen mishan ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse. Wasu suka nufi duwatsun Ningi, nan maƙwabtanmu ta wajen Gwaram da Birnin Kudu, inda hannun Kano bai kai ba. Wasu kuma suka fake a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau, suna jiran ranar da za a zo musu da cikakken labarin Isa. Sun yi jiran nan fiye da shekara 40.

Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a birnin Zariya tun 1905, amma sai a 1913 jikokin Isawa suka same shi. Da suka karɓi bishara, sai tambaya ta taso: a ina za su zauna su yi sujada ba tare da tsoro ba? Aka sami fili a Gimi. Magidanta suka kwaso mata da 'ya'ya da ɗan abin da suka mallaka, suka sare daji, suka gina ɗakuna da makaranta da majami'a. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rev. W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran West Indies, inda rake ya zama abin dogaro. Shi ake danganta wa koyar da matse rake da dafa ruwansa a wannan yanki. Duk wanda ya sayi mazarƙwaila daga ƙasar Makarfi, to, yana lasar wani abu daga gadon mutanen Gimi.

Abin da ba su sani ba shi ne, rafin da ya sa ƙasar ta yi albarka shi ne gidan ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga gari. Babu magani mai ƙarfi a lokacin. Mutum yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga baya ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka har ya tafi. Mutanen da suka tsira daga takobi, ga su suna binne juna ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙauyen ya cika shekara 10, dole aka bar shi. A ganinmu, ba a ba matan Gimi haƙƙinsu a tarihi ba, domin su ne suka yi jinya, su ne kuma suka goya marayun zuwa Zariya.

A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa, ragowar waɗannan gidaje suka zama ginshiƙin ikilisiyar St. Bartholomew. Sai a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta tashi tsaye kan tsando a ƙasar Anchau, ta sare kurmin bakin rafuka, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya.

Malam Bulus Audu yana cikin zuriyar Isawa da suka ba da gaskiya a wancan zamani. A Anchau aka haifa masa ɗa a 1927, aka sa masa suna Ishaya. Yaron ya fara karatu a Wusasa, ya zama likita a Ingila, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan juyin mulkin 1983 ya sha tsare. Da ya fito sai ya koma Samaru, yana duba marasa lafiya yana wa'azi, har Ubangiji ya kira shi a watan Agusta na 2005.