Lalacewar jijiyoyi bayan daina shan barasa: abin da ya kamata a sani

Tun da Jihar Kano ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, shan barasa ya koma ɓoye. Hukumar Hisbah kan fasa kwalaben da ta kama a bainar jama'a, amma ba kasafai ake maganar waɗanda suka tuba alhali ciwon bai bar jikinsu ba. A gari irin Wudil, inda kowa ya san kowa, kunya kan sa maras lafiya ya ɓoye wa likita tarihinsa, ya ɗora ciwon a kan sanyi ko sammu.

Yadda ciwon yake

Barasa na lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Tana kuma hana hanji tsotse sinadarin bitamin B1, wanda jijiyoyi ke dogaro da shi. Ciwon kan fara daga yatsun ƙafafu biyu a lokaci guda: sagewa, zugi kamar an taka garwashi, ko jin kamar ana tsira allura, musamman da dare. Idan ya yi nisa, yakan hau zuwa sangali da hannaye, tafiya ta zama da tangaɗi.

Yana warkewa?

Daina sha shi ne ke tsayar da ɓarnar. Sai dai jijiya na farfaɗowa ne a hankali, don haka sauƙi kan ɗauki watanni ko shekaru, kuma wadda ta lalace sosai ba lallai ta dawo daidai ba. Wanda ya daɗe yana sha da yawa bai kamata ya yanke lokaci guda ba sai da kulawar likita, domin hakan na iya jawo jijjiga da ruɗewa.

Abin yi

Matakin farko shi ne gaya wa likita gaskiya. Ciwon suga, cutar HIV da maganin tarin fuka na isoniazid duk suna kawo alamomi iri ɗaya, sai gwaji ke rarrabewa. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Wudil, idan da buƙata a tura mutum Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Likita kan rubuta bitamin B1, da magungunan rage zugi irin su amitriptyline ko gabapentin. Sayen tramadol a kemis sauya wata jaraba ce da wata, kuma yawan shan bitamin B6 shi kansa yana lalata jijiyoyi. Wake, gyada, gero da dawa sun fi farar shinkafa amfani ga mai wannan ciwo.

Ƙafar da ta sage ba ta jin rauni. Don haka a riƙa duba tafin ƙafa kullum, a guji tafiya ba takalmi, a kuma taɓa ruwan alwala ko na wanka da gwiwar hannu kafin a zuba. Idan aka ga ruɗewa ko ganin abu biyu-biyu, a garzaya asibiti ba tare da jira ba, domin alama ce ta cewa ƙarancin bitamin ɗin ya taɓa ƙwaƙwalwa.