Ahmed Musa: Farkon Tashensa a Ƙwallon Ƙafa

Ahmed Musa ɗan wasan gaba ne na Najeriya, an haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba 1992. A makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos ya ƙware, daga nan aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, inda ya fara ɗanɗana gasar ƙwararru.

Kano ce ta fito da shi. A kakar 2009/2010 ya sa rigar Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, yana ɗan shekara 17, siriri, ga gudu kamar barewa. 'Yan baya kan yi tsammanin sun tare shi, sai su waiga su ga ya riga ya wuce. Ya ci ƙwallo 18 a kakar, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar Firimiya ta Najeriya kafin shi, Sai Masu Gida kuwa suka ƙare a matsayi na biyu, bayan Enyimba. Ga yaron da bai cika shekara 18 ba, wannan ba ƙaramar bajinta ba ce. Jude Aneke na Kaduna United ne ya karya tarihin da ƙwallo 20 a 2011.

Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, amma dokar FIFA ta hana cinikin ƙananan yara zuwa ƙetare, dole aka jira watan Oktoba ya cika 18. A shekarar ce kuma ya fara buga wa Super Eagles.

A Janairun 2012 ya koma CSKA Mosko ta Rasha.